Takalman Bujema

Bujema ne ke hura wutar gidan wankan unguwarmu a Marrakesh tun ina da gashi a ka. Wurin aikinsa wani rami ne a bayan ginin. Sai ka gangara, ka sunkuya, sannan ka same shi zaune a bakin murhu yana watsa dusar katako. Wutar nan ba a barin ta ta mutu. In ta mutu ruwan wanka ya huce, tulunan tanjiya kuma, naman da mutanen unguwa ke kawowa a turbuɗe a tokarsa, su zauna ɗanye.

Ni tela ne, shagona na kallon ƙofar ramin, shi ya sa na fi kowa shan labarin dutsen Tubkal. A gindinsa aka haifi Bujema, aka kawo shi birni yana ƙarami, bai taɓa taka ƙololuwar ba. Kowace bazara sai ya tsara mana tafiya: mota zuwa ƙauyen Imlil, alfadari ya ɗauki kaya, a kwana a masauki, a hau da sanyin safiya. Har takalman hawa ya saya, ya rataye a ƙusa saman murhun don ya riƙa ganinsu.

"Bana dai, Ayyashi, in Allah ya yarda."

"Bara ma haka ka ce, sarkin toka."

Ni da abokaina mun sha zuwa da tsarinsa. Shi kuwa wa zai bar wa wuta? Ga gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, shi da kansa ya san in ba bana ba, to shi ke nan.

Sai ga Alhaji Tuhami, mai gidan wankan, ya ce za a rufe kwana uku don gyara. Ranar na ga haƙoran Bujema duka. Na ɗinka masa jakar goyo, ya yini yana gwada ta cikin zafin ramin.

Ana gobe tafiya, ina wurin, Alhaji ya sauko yana tattare bakin jallabiyarsa.

"Baba Bujema, magina na zuwa da safe. Ka san ba a shiga cikin murhu sai ya huce, kuma lungunansa kai kaɗai ka sani."

"Alhaji, ai na gaya maka dutse za ni."

"Dutsen gudu zai yi? Allah ya yi maka albarka, ka tsaya musu."

Ya haye abinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Bujema, "Wallahi ka tashi mu tafi, murhun nan ba uwarka ba ce!"

Ya miƙe ya sauko da takalman. Yana zura ƙafa, tafin ya ɓamɓare ya faɗi cikin toka, fatar ta tsage. Zafin shekaru ya gama cinye su a ƙusa.

"Zan aro maka na ƙanena," na ce.

"Bari, Ayyashi. Su ma sun gaji da jira."

Da sauran garwashin ya dafa mana tanjiyar guzuri. Da safe ya miƙo mini tulun da ɗuminsa, ya ɗora jakar da na ɗinka masa a kai.

"In kun kai sama, ka duba mini ko ana hango garin nan."

Ya kunna fitila, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa, ya rarrafa cikin murhun.