Allurar da Ba Ta Karye Ba

Shekaru sun tura, amma ranar da muka je Gwiwa da motar lasifika ta ƙi barin zuciyata. A lokacin ina ma'aikacin kayan sauti a wani ofishin yaɗa labarai a Kazaure, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa. Aikina shi ne in sa faifai a Roni ko Babura ko ƙauyukansu, jama'a su taru, sannan a karanta musu sanarwa.

Saboda waɗanda ba su riski garmaho ba, zan ɗan yi bayani. A ƙarshen hannunsa akwai kai, a bakin kan akwai allura mai ɗan dutse kamar ƙwayar yashi. Ita ke bin layin faifai tana fitar da murya. Sabuwa bakinta sumul yake. Idan ta daɗe tana aiki sai gefenta ya cinye, ta yi kaifi. Daga nan ta daina karanta faifai, ta koma sassaƙarsa. Ana share ta da burushi mai laushi daga baya zuwa gaba, ba a taɓa ta da yatsa, ba a ƙara mata nauyi. Sai dai shara ba ta mayar da abin da ya cinye.

Da na ji tamu ta fara shaƙe murya, na rubuta takardar neman sabuwa. Ƙa'idar sito ita ce ba a ba da sabon abu sai an kawo tsohon a karye. Mai sito, Malam Buba, ya ɗaga ta a hasken taga, ya ce shi bai ga karaya ba, kuma ba zai sa hannu ba, alhali ga sababbi a kwali. Shugabanmu kuwa ya ce idan allura na tsalle a ɗora kwabo a kan hannun, haka kowa ke yi. Na yi tunanin karya ta da kaina, sai na ga ha'inci ne, na bari.

A cikin fayafayanmu akwai ɗaya da ba shi da na biyu: muryar malamina, Malam Ɗahiru na Gwiwa, Allah Ya jiƙansa, yana rera waƙarsa ta wa'azi. Wasu baƙi ne suka ɗauki muryar kafin mulkin kai, a faifai mai laushi irin wanda ake yankawa nan take.

Da hantsi muka isa Gwiwa, jama'a suka taru. Mai ɗakin marigayi Malam, Inna Hauwa, wadda na ci tuwonta duk zaman karatuna a zaurensa, ta aiko tana roƙon a sa faifansa, ta saurara daga cikin gida. Na raɗa wa shugaba cewa allurar za ta ci faifan.

"Malam Isa, dubi dattawan nan. In ce musu gwamnati ba ta da allura?"

"Ranka ya daɗe, idan ya tafi ba ya dawowa."

"Sa kawai."

Na sa. A baiti na biyu allurar ta yi tsalle. Shugaba ya miƙo kwabo, ni kuma da hannuna na ɗora. Ina kallon wani baƙin zare siriri yana nannaɗowa a bayan allurar, na san muryar Malam ce ake ferewa. Dattawa suka nemi a maimaita. A karo na biyu ba abin da ya fito sai shuu, kamar ruwa a kan kwano.

Muna naɗe waya Inna ta sake aikowa. Ta ce a gaishe ni, ba ta ji sosai ba saboda iska, in dawo mata da shi wata ranar. Na amsa da to. Ban koma ba har ta rasu.

Bayan mako guda allurar ta karye a kan wani faifan kiɗa. Nan take Malam Buba ya ba ni sabuwa.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki abin da ya karye ba ya ɓarna. Wanda ya cinye yana nan tsaye shi ke yi. Mu uku, ni da mai sito da shugaba, ba wanda ya saɓa ƙa'idar ofis. Na tsare kaina daga karya allura, na tozarta amanar da ta fi ta girma. Faifan yana akwatina har yau, kuma na haddace baiti biyu kawai. Allah Ya yafe mana.