Fas ko Rabat, Wanne Za Mu Fara

A shekarar da ciwon zuciya ya kama babana, ina aikin jinya a wata likita, wato asibiti, cikin garin Tawa. Shi yana Kalfu, inda ya yi duk rayuwarsa tsakanin gonar hatsi da ƴan awakinsa. Ƙafafunsa suka fara kumbura, daga baya numfashi ya riƙa gagararsa ko daga gida zuwa masallaci. Muka kai shi Yamai aka yi gwaje-gwaje. Likitan ya ja ni gefe, da yake ya san ni ma ma'aikaciya ce, ya ce akwai aikin da za a iya yi masa, amma sai a Maroko. Ya yi magana da wani abokin karatunsa a Rabat, aka ba mu randebu, wato ranar da za mu gan shi.

Baba ya ƙi. Ya ce tsoho kamarsa ba ya ƙetare hamada don a tsaga masa ƙirji. Sai wana, mai sana'ar dabbobi a kasuwar Tawa, ya gaya masa ai birnin Fas ma a ƙasar yake. Baba ɗan ɗariƙa ne tun yana saurayi, bai taɓa fashin wazifa ba, kuma bai taɓa sa ran ganin Fas, inda Shehunsu yake kwance, ba. Sai ya ce a shirya.

Shirin ya faɗo kaina, don ni na yi lakwal, wato boko, ni ke jin Faransanci, ni kuma zan raka shi. Muka ɗauko shi daga Kalfu ya zauna gidana, muna jiran fasfonsa ya fito daga Yamai.

Garuruwa uku ne a gabanmu. Jirgin sama zai sauke mu Kazablanka, likita na Rabat, ziyara na Fas, kuma jirgin ƙasa ke haɗa su. Ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a talabijin. Abin da na sani shi ne motar tasharmu, wadda in tsoho bai ƙaraso ba za a ce wa direba ya dakata, ya yi ƙorafi ya dakata. Da na karanta yadda jirgin ke tsayawa kaɗan a kowace tasha ya wuce, sai hankalina ya tashi. Na koma kallon Baba duk sanda ya taso daga tabarma zai je alwala, yadda yake dafa bango, ya tsaya ya huta a tsakiyar gida. Sai in ga ƙofar jirgi na rufewa, ni ina ciki da kaya, shi yana waje.

Otel ma bai bar ni na huta ba. Hotunan da ake sakawa a intanet duk gado ne da furanni, ba mai nuna maka matakala. Lokacin hutun rana, in rezon waya ya yi kyau, nakan zauna bayan ɗakin magani in yi ta kira. Ina tambaya ko akwai ɗaki a ƙasa, ko ɗakuna biyu na jere da juna yadda zan ji tarinsa, ko za a dafa masa abinci ba gishiri, ko bayin yana da inda tsoho zai dafa. Wasu su amsa da haƙuri, wasu su ajiye waya. A Fas abin ya fi wuya. Masaukan da ke kusa da zawiyar Shehun suna cikin tsohon gari, inda lunguna suka matse har mota ba ta shiga. Waɗanda ke kusa da tashar jirgi kuwa sun yi nisa. Daga ƙarshe wani mai masauki ya ce yana da keken guragu na mahaifiyarsa, zai tura Baba da kansa.

Na tsara komai yadda hankali ya ba ni: mu huta Kazablanka, mu wuce Rabat a yi aiki, in ya warware mu tafi Fas. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na zayyana musu, shi da wana, a inuwar dogon yaro. Baba ya saurara har na gama. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce, "kin yi ƙoƙari. Amma Fas za mu fara."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, likita ya riga ya ba mu rana. In muka saki wannan, sai an jima kafin a ba mu wata."

"To a jima. Ni na san jikina. In na kwanta gaban mutanen nan, ban san ko ni ka tashi ba."

Ba yadda za mu tafi da wuri mu yi ziyarar kafin ranar, don fasfon bai fito ba. Na duba wana ko zai taimake ni, sai ya sunkuyar da kai. Washegari na hau kabu-kabu na same shi a kasuwa tsakanin raguna, muka yi ta ja-in-ja har mutane suka fara kallonmu. Na gaya masa abin da na gani a sakamakon gwaji, cewa zuciyar tana raguwa ne, ba ta jiran kowa. Shi kuma ya ce in aka shiga da Baba ɗakin aiki bai fito ba, da wane ido zan dubi kaina, na kai shi bakin Fas na hana shi shiga. Na bar shi da ragunansa na koma gida.

Har na yi tunanin in sayi tikitin yadda na ga dama, in yi shiru sai mun isa. Amma sunayen tashoshin da Larabci ma ake rubuta su, Baba kuwa yana karantawa. Ko da ba ya karantawa, ban ga yadda zan zauna kusa da shi a jirgi ina kallon fuskarsa ba. Na kira Rabat na ɗage randebu. Na sake bin otel-otel ɗin ɗaya bayan ɗaya ina sauya ranaku, na rasa ɗakin ƙasan da na sha wahalar samu a Rabat, na nemi wani.

Abin da na fi tsoro bai faru ba. A tashar Kazablanka wasu matafiya biyu suka kama Baba ta hammata suka ɗora shi cikin jirgi tun ban roƙe su ba. Ya zauna bakin taga yana kallon gonakin alkama da itatuwan zaitun, ya tambaye ni wa ke tsare musu su daga awaki. Ni hannuna na kan wuyan hannunsa, ina jin bugun jini.

A Fas mai masaukin ya cika alkawari, ya tura shi cikin lungunan nan, ana kauce wa alfadarai. Da muka iso ƙofar zawiya Baba ya ce a tsaya. Ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya shiga da ƙafarsa. Na zauna wajen mata. Ya daɗe a ciki, da ya fito gemunsa a jiƙe yake.

Kwanakin da muka yi muna jiran sabuwar ranar, kumburin ya hau har gwiwa. Tafiyar Rabat a jingine da kafaɗata ya yi ta, bai dubi taga ba. Likitan ya auna shi, ya sake aunawa, sannan ya kira ni ofis ya ce zuciyar ta yi raunin da ba za ta ɗauki aiki ba. Zai ba da magunguna, mu koma gida. Na tambaye shi da mun zo ranar farko fa. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba.

Baba ya koma Kalfu ya ga damina guda. Ba ya iya zuwa gona, sai dai a shimfiɗa masa a zaure, abokan wazifarsa su kewaye shi yana ba su labarin Fas. Ya rasu bayan an gama yankan hatsi.

Ranar sadakar uku ina cikin gida tare da mata, wana ya leƙo ya kira ni. Muka tsaya bayan rumbu. Ya ce shi dai ya gode wa Allah da muka fara da Fas, ya tambaye ni ko ni ma yanzu na ga haka. Idanunsa sun yi ja, na kuma gane so yake in ce e. Na ce Allah ya jiƙan Baba. Ya ce amin, ya ɗan tsaya ko zan ƙara wani abu, sannan ya koma wajen maza.