Kufan Irlande da Ɗakin Inna

Ɗana ne ya kawo maganar tafiyar, ni kuwa na karɓa don ina da tawa manufar. A lokacin yana karatu a Paris, yana zaune a wani ɗan ɗaki a La Courneuve, da yamma kuma yana kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke. Ni ina Vénissieux, gefen birnin Lyon, cikin dogayen benayen unguwar Minguettes, ina fita aiki wani babban sito na kayan magani. Karatu ya kawo ni Faransa, sito ya riƙe ni. Ya kira ni a waya ya ce, da Faransanci don da shi muke magana, yana so mu je Irlande mu zaga ƙauyuka a kan keke, ni da shi kaɗai. Na ce masa mutumin da furfura ta fara cin gemunsa ba ya barin ɗakinsa ya tafi ƙasar wasu yana tuƙa keke cikin ruwan sama ba wanda ya aike shi. Ya yi dariya. Sai na ce to, zan je, amma da sharaɗi: hutun da ke tafe zai bi ni gida ya ga kakarsa.

Ya ce, "On verra, Papa." Wato za mu gani.

Na ɗauki wannan a matsayin ya yarda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi.

Inna, mahaifiyata, tana ƙauyenmu can arewa da Tawa. Sau ɗaya ta taɓa ganin yaron nan, yana goye. A zuwan nan zazzaɓi ya kama shi har muka fid da rai, uwarsa ta ce ita da sake kai shi sai ya girma. Da ya girma kuma sai makaranta, sai jarrabawa, sai ga shi shi da kansa ya iya cewa a'a. Gidanmu kuwa ya yi ta raguwa. Ƙannena maza cin rani ya kwashe su, wani Abijan, wani Libiya, har aka wayi gari daga Inna sai ƙanwata da mijinta ya rasu. Amma kowace shekara kafin ruwan farko Inna sai ta sa an kwaɓa ƙasa an yaɓe ɗakin da na tashi a ciki, an gyara indararo, an share. Ta ce ɗakin maigidanta ne, wato jikan nata, haka take kiransa kamar yadda kakanni ke yi.

In na kira ta, bayan an gama gaisuwa sai ta ce, "Ina maigidan nawa? Wane irin miji ne wanga, ko goro bai taɓa aiko mini ba? Ka hwaɗa mishi an yaɓe ɗaki bana ma."

In yana kusa sai in miƙa masa wayar. Duk abin da ta ce, amsarsa ɗaya ce, "Lafiya lau, Kaka." Iyakar Hausarsa ke nan. Na taɓa yi masa bayanin wasan kaka da jika, ya dube ni kamar na ce masa a garinmu da ka ake tafiya.

Muka tafi da bazara ta ƙasar nan, lokacin da rana ba ta son faɗuwa. Na hau jirgin ƙasa daga Lyon na same shi a Paris, ya riga ya aro mini keken wani abokinsa. Daga nan sai bakin teku, sai jirgin ruwa, inda na yi ta amai har na rantse ban ƙara. Ya sayo mini wani matsattsen wando irin na masu tseren keke, na ɗaga shi sama na duba, na ce ya ajiye wa ɗansa in Allah ya ba shi. Da wandona na aiki na tuƙa, na cusa ƙafar cikin safa.

Ni a yashi na koyi keke, a kan na wani malamin makarantarmu, don haka na shiga ƙasar da ƙarfin gwiwa. Ashe su ta hagu suke bin hanya. Ranar farko sau da yawa ina fita daga kwana in koma hannun da na saba, shi kuma yana bayana yana ta kiran "À gauche, Papa, à gauche," wato in koma hagu. Hanyoyin ƙanana ne, an yi musu shinge da duwatsu an jera ba siminti ba laka. Ko'ina ciyawa shar, tumaki an shafa musu fenti ja ko shuɗi a gadon baya, suna kiwo ba makiyayi. Ruwan sama kuwa ba ya zuwa da hadari da tsawa yadda mutum zai shirya, yayyafi ne mai naci, ya ɗauke ya dawo. Na yi ta kallon wannan ruwa yana zuba a kan duwatsu ina jin haushi, ina tuna shekarun da muke fita roƙonsa a bayan gari.

Gaskiya ɗaya dai, yaron ya kula da ni. In muka zo tudu sai ya rigaye ni, ya tsaya a sama yana yi kamar yana gyaran jakarsa don kada in ji kunya in na sauka ina turawa. In lokacin salla ya yi ya duba mini alƙibla a wayarsa, ya shimfiɗa mini rigarsa ta ruwa a kan ciyawa, ya koma gefe ya tsaya. Shi ba kullum yake yi ba, ni kuma na yi wa kaina alkawari ba zan ɗaga maganar a wannan tafiya ba. Ban taɓa jin ina sonsa kamar a kwanakin nan ba, kuma ban taɓa jin tsoron ya kuɓuce mini kamar a lokacin ba.

Duk inda aka ce akwai tsohon gini sai mun tsaya. Muka ga gidan wani sarki da rufinsa ya zube, hankaki sun mai da shi nasu. Muka ga wata doguwar hasumiya a tsakiyar maƙabarta, ƙofarta can sama, sai da tsani. A wani tsauni kusa da teku akwai 'yan ɗakunan dutse masu zagaye, wai na masu ibada ne na zamanin da, na ce masa waɗannan ai rumbunan hatsi ne aka manta ba a ɗora su kan duwatsu ba. Kowane allo aka kafa sai ya karanta shi tun daga sama har ƙasa, ya juya mini da Faransanci. Ya san wane ne ya ci wane da yaƙi, ya san wanda ya ƙone cocin wane. Ni dai in sami dutse in zauna, in miƙe ƙafa.

Wajen ƙarshen tafiyar muka kai wani kufai a gindin tsauni. Gidaje ne jere, sun fi a ƙirga da ido, duk na dutse, ba rufi ko ɗaya, ƙofofinsu na kallon teku. Muka jingina kekuna muka hau da ƙafa. Da na zo bakin ƙofar farko sai na ji bakina ya yi sallama da kansa, kafin in sa ƙafa.

Ya ce, "Wa kake gaisarwa, Papa? Babu kowa."

Na ce, "Gidan mutane ne. Ba a shiga gidan mutane haka nan, ko ba sa nan."

Ya yi murmushi. A ciki ga wurin murhu, ga wata 'yar taga a bango inda ake ajiye fitila ko gishiri, tunkiya ta yi kashi a inda ya kamata a ce gado yake. A jikin tsaunin kuma, ƙarƙashin ciyawa, ana ganin sawun kunyoyi sun gangaro layi-layi, gonakin mutanen ne. Yaron ya ba ni labari: cuta ta faɗa wa dankalinsu, yunwa ta shigo, waɗansu suka mutu, waɗansu suka shiga jiragen ruwa suka tafi ƙasashe masu nisa ba su dawo ba. Ya ce har yau jikokin jikokinsu na zuwa daga can su nemi gidan da kakanninsu suka fito, su taɓa bangon. Na duba sai na ga ya dafa dutsen ƙofar, idonsa ya cika da ƙwalla.

A nan raina ya ɓaci, ɓaci irin wanda ban shirya masa ba. Na ce masa da Hausa, don Faransancin ya gudu daga bakina, "Kai wane irin yaro ne? Kangon wasu kake yi wa kuka, ga taka kaka can da ranta tana yaɓe maka ɗaki?"

Bai gane kalmomin ba amma ya gane muryar. Na sake faɗa masa da harshen da yake ji. Na gaya masa mu ma an yi mana yunwa ina yaro, na ga shanu sun mutu a tsaye, na ga maƙwabtanmu sun ɗaure kaya sun yi kudu, gidajensu na nan muka yi ta wasan ɓuya a ciki. Na ce labarin da yake karantawa a allo, Inna za ta ba shi irinsa da bakinta, ta nuna masa wurin da yatsa.

Ya share ido da bayan hannu ya ce, "A nan ba wanda yake jiran komai daga gare ni, Papa. Can kuwa zan zauna gabanta kamar gunki, tana magana ina cewa lafiya lau. Kowa zai taru ya kalli ɗanka da ba ya jin yaren ubansa. Kunya nake ji."

Na ce ita ba hira take nema ba, fuskarsa take son gani. Ya ce ya sani, zai je, in ba shi lokaci ya ɗan koyi gaisuwa. Muka sauko muka ɗauki kekunanmu. Iska na gabanmu har masauki.

Hutun da ya biyo baya ya sami aikin gwaji a wani kamfani, ba a ƙin irinsa. Na bayansa kuma aka fara maganar hanyoyin arewa ba lafiya, ya nuna mini taswira a waya an shafa wa yankinmu ja. Na ce mutane na kwana suna tashi a cikin jan nan, uwata ma a ciki take. Uwarsa ta goyi bayansa. Na tafi ni kaɗai, na kwana a ɗakin da aka yaɓe, Inna ta leƙa bayana a ƙofar gida ta ga ba kowa, ta ce, "Maigidan nawa dai ya ƙi ni." Da dariya ta faɗa, ta shiga ta kawo mini fura.

Ta rasu da rani, da safe, aka rufe ta kafin azahar. Ina cikin sito ƙanwata ta kira ni. Sai bayan kwanaki na isa, na karɓi gaisuwa a zaure, na dawo. Ƙanwata ba ta iya zama ita kaɗai ba, ta koma wurin ɗanta a Tawa, aka sa wa gidan kwaɗo. Wannan shekarar ba wanda ya kwaɓa ƙasa.

Abin da ban yi tunani ba a gindin tsaunin nan shi ne, su gininsu na dutse ne. Mutum zai tafi, jikan jikansa ya dawo ya tarar da ƙofa a tsaye. Namu na ƙasa ne. In aka daina yaɓe, damina ta farko ta tsaga bango, ta biyu ta kayar da rufi, masu neman itace su zare azara, sauran kuma ya narke ya koma inda aka ɗebo shi.

Bayan wasu shekaru ɗana ya zo mana hutu a Vénissieux. Ya gama karatu, yana aiki, ya yi 'yar ƙiba. Muna zaune a falo bayan la'asar, taram, jirgin cikin gari, na wucewa a ƙasa, sai ya ce mini da Hausa, a hankali kamar mai taka ƙaya, "Baba, ina wuni. Ina gajiya." Ashe ya daɗe yana koyo a wurin wani ɗalibi ɗan Maraɗi, bai gaya wa kowa ba. Ya ce yanzu ya shirya, in hanya ta yi kyau yana so mu je ya ga gidan. Ya tuna kufan nan na Irlande, ya ce bai manta abin da na yi a bakin ƙofa ba.

Akwai wani hoto da ɗan maƙwabcinmu ya turo mini a waya da daminar da ta wuce, ban nuna wa kowa ba. Na nemo shi na miƙa masa. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, ya matsa dama, ya matsa hagu.

Ya ce, "Ina ƙofar take? In san inda zan tsaya in yi sallama."

Na karɓi wayar, na sa tabarau. Gero ne ya yi tsayi, wani ya shuka har cikin tsakar gida, sai ɗan tudun jar ƙasa a gefe da akuya a kai. Na daɗe ina dubawa, yana jira, kansa kusa da kafaɗata. Ni ma ban gane wurin ba.