Akwatin Ƙasan Shafi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a wani ofishin ayyukan gona a Gumel kafin a turo mana mutumin nan, a ƙarshen shekarun casa'in. Ɗan Filato ne, Kirista, dogo mai ƙaramar murya. Ya zo da kwamfuta cikin kwali biyu, ya nemi a ba shi ɗaki mai makulli. Tun ranar na sa masa ido.

Ya ce aikinsa shi ne ya haɗa mana shafi a intanet, inda duk mai kwamfuta da layin waya zai karanta labarin damina da na dabbobin yankinmu. A lokacin ban san kowa a Gumel da ya taɓa ganin intanet ɗin ba. Idan ya gama haɗawa a ɗakinsa sai ya kwashe a faifai, ya hau mota zuwa Kano, a can yake ɗorawa.

Ni aka ce in riƙa yi masa bugu. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne yadda yake yayyanka rahoto. Ni na saba in ɗauko takarda daga sama in dire a ƙasa. Shi kuwa ya ce kowane abu da akwatinsa: ruwan sama na Gagarawa akwati guda, cutar dabbobi ta Maigatari guda, rijiyoyin Sule Tankarkar nasu daban. Akwai na saman shafi mai sunan ofis, akwai na ƙasa mai lambar akwatin gidan waya. Ƙananan fayiloli ne a cikin kwamfutar, kowanne da sunan da ya raɗa masa.

"Oga, me zai hana mu buga shi gaba ɗaya?" na tambaye shi.

"Malam, in labarin Gagarawa ya canja, nasa kaɗai za ka taɓa. Ni zan ce wa shafi ya ɗauko wannan ya ajiye a dama, ya ɗauko wancan ya ajiye a hagu."

Na ce to, amma raina bai kwanta ba. A bakin iyaka na tashi, na san yadda masu fasa-ƙwauri ke raba kaya, kowa a ba shi ƙulli ɗaya don kada ya san girman lodin.

Wan matata dillalin shanu ne a Maigatari. Da na ba shi labari, ya ajiye kofin shayinsa.

"Wa ke karantawa? Ka taɓa ganin fuskarsa?"

"Ban taɓa ba, Yaya."

"To yau ka buga cewa akwai ciwon huhu a kara, gobe a rufe mana hanya. Da hannunka kuma."

Maganar ta zauna min. Na yanke shawarar sai na san masu karantawar. Wata rana Oga ya fita duba wata rijiya ya bar ni da kwamfutar, na buɗe akwatin ƙasa, na goge lambar gidan wayar ofis, na sa ta kawuna, tsohon malamin makaranta wanda makullin akwatinsa ke hannuna. A zatona shafi ɗaya na taɓa.

Da ya dawo daga Kano ya kawo shafukan a buge a takarda, sun fi ashirin, ya baje min a tebur yana murna. Na duba ƙasan na farko, lambar kawuna. Na biyu, ita ce. Har na ƙarshe. A nan na gane akwati ɗaya ne ke bin kowane shafi. Shi kuwa hotunan awaki yake nuna min.

Kusan wata biyu ina zarya gidan waya, sannan wasiƙa ɗaya ta zo, da kan sarkin Nijar, an rubuta da Faransanci. Na kai wa wani Badamagare mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya ce mai wasiƙar likitan dabbobi ne daga wajen Damagaram, ya ga shafin a wani ofis a Yamai, yana tambayar lokacin da muke rigakafi don su daidaita da nasu, tunda shanunsu ne ke ƙetarowa wajenmu.

"Iyakar abin da ya ce ke nan?"

"Iyakarsa."

Na sa ya sake karantawa ina kallon bakinsa, ko zai tsallake wani layi.

Kwana tara wasiƙar na aljihuna. Ran na goma na ajiye ta a gaban Oga na faɗa masa komai. Bai ɗaga murya ba. Ya jawo durowa ya fito da ɗaya daga takardun nan, ya zagaye lambar da jan biro.

"Tun mako na biyu na gani," ya ce. "Na bar ta ne in ga wanda kake yi wa aiki."

"Ni? Ni ne ma nake yi wa wani aiki?"

"To me kake so in zata, Malam?"

Ya turo min kujera, na gyara lambar da hannuna, layi ɗaya tak. Daga nan ya ware akwatin sama da na ƙasa ya ɓoye su inda ba na iya buɗewa, ya bar min na garuruwa. Likitan kuma mu biyu muka rubuta masa amsa, Oga ya kai gidan waya da kansa.

Tafiya ta gaba ya ce in raka shi Kano. A wani shago mai sanyi aka haɗa layin waya, injin ya yi ta ƙara, shafin ya riƙa saukowa a hankali: sunan ofis, ruwan Gagarawa, akuyar da ta fito rabi ta tsaya. Na jira har ƙasan ya bayyana, na karanta lambar sau biyu. Da na waiga, shi ma ita yake karantawa, leɓɓansa na motsi.