Tambayar da Ba a Yi wa Malam Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana. Ban iya rubutu ba. 'Yata ke rubutawa, ina faɗa ina share hawaye.

Tun da ruwan Tiga ya ci garinmu aka maido mu wajen Bebeji, Malam ya kama sana'ar su da noman rani. Wuni yake cikin laka ba takalmi. Da kaluluwa ta fito masa a wuya da hammata ta ƙi sacewa, a asibitin Kano suka ce ciwon daji ne. Aka fara masa maganin nan mai zubar da gashi da karya ƙarfin jiki. Sai gudawa, sai tari. Aka ce maganin ne. Sai da numfashi ya gagare shi aka duba majinarsa da bayan gidansa. Ashe tsutsa ce mai shiga ta ƙafa, ta tarar da jiki ba mai gadi, ta hau har huhu. Bai daɗe ba ya cika.

Bana ciwon ya kama Malam Sule, abokinsa da suke jirgi ɗaya. Matarsa Tabawa ta ce kafin a sa masa komai likita ya tambaya, "Baba, kana shiga fadama ba takalmi?" Aka gwada, aka kashe tsutsar, sannan aka taɓa dajin. Ga shi can ƙofar gida yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

Tambaya ɗaya! Na san kwana ne ya ƙare, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma in na jiyo Tabawa ta katanga tana masa faɗa bai shanye kununsa ba, sai in tashi in shige ɗaki. Faɗan nan nake ƙyashi. Na daɗe ban iya shiga yi musu barka ba.

Da Malam na nan da ya ce, "Ke, tashi ki sa mayafi." Na tashi na shiga gidansu.

"Yaya, na zata fushi kike da mu," in ji Tabawa.

"Ina yi, amma ba da ku ba."

Malam Sule ya ce gwajin farko bai nuna komai ba. Shi ya ba likita labarin abokinsa, aka yi ta maimaitawa har aka gano tsutsar.

Ashe Malam yana kabari yana tura wa abokinsa jirgi. Allah ya jiƙansa. Ƙyashin kuwa bai sake ni ba; tare muka dawo gida, da kifin da suka ba ni.