Layin da Ban Cike Ba a Fom ɗin Inna Saude

Har yau ban manta da Larabar da aka kawo mini Inna Saude daga Toranke ba. Ba sunanta na gaskiya ke nan ba, kuma ba za ku ji na gaskiyar a bakina ba. Lokacin shekarata ɗaya da yin ritaya daga aikin jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, na kama ɗaki biyu a Gaya ina ganin masu fama da damuwa. Ba allura, ba ƙarin ruwa. Kujera biyu ce, da tabarma don wanda ya fi son ƙasa, sai magana.

Ku da kuka zo koyon aikin nan, ga yadda zaman farko yake. A gaisa sosai, sannan in gaya wa mutum cewa zaman bai kai awa ɗaya ba, sau ɗaya a mako. Abin da ya faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, sai fa in ransa ko na wani yana cikin haɗari. In na ga yana buƙatar magani, likita zan tura shi. Daga nan sai in ɗauki tarihinsa a fom: barci, cin abinci, iyali, da abin da ya kawo shi.

Ƙaninta Malam Isyaku ne ya ɗauko ta a babur, kuma kamar yadda aka saba, ɗan rakiya ne ya yi bayani, mai ciwon tana kallon ƙasa. Ya ce wata biyar ke nan ba ta barcin kirki, abinci sai an yi da gaske, duk ta rame. An auna jini a asibiti ba a ga komai ba, an sha rubutu. Yana magana yana waige-waige, na san kabad ɗin magani yake nema. Da na roƙe shi ya jira a waje, sai ya ce, "Malama, wai hira kawai za ku yi? Ai hira muna da ita a gida." Ya ƙara da cewa damina ta kama, ba zai riƙa barin gona a banza ba.

Muka rage mu biyu. Na tambaye ta haihuwa nawa ta yi, ta ce shida. Ta lissafa mini suna biyar. Na ce saura ɗaya. Ta ce wancan ya rasu bayan girbi. Ni kuma biro a hannu, ga layi ɗaya babu komai, sai na ce, "Allah ya jiƙansa. Mene ne sunansa?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta fara laluben takalmi. Nan take na gane ɗan farinta ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana ji da shi a gaban mutane. Ni haifaffiyar Kademi, wadda mahaifiyarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, ni ce takarda ta mantar da ni wannan. Kunya ta kama ni, har da tsoro, don na san in ta fita a haka ba za ta dawo ba.

A bakin ƙofa na ce, "Inna, ki yafe mini. Layin nan zai zauna yadda yake. Laraba mai zuwa tabarmar nan taki ce."

Malam Isyaku ya so ya ji abin da ta faɗa, na ce masa wannan tsakanina da ita ne. Na nemi ya ba ni Laraba huɗu, in bai ga sauyi ba ni da kaina zan rubuta masa takarda zuwa wurin likita. Ya yi gunaguni ya tayar da babur.

Ta dawo. A zama na biyu maganar gyaɗa da kaji kawai muka yi, kuma ban ɗauke shi ɓata lokaci ba. A na uku ta fara buɗewa. Ɗan farin nata goggonsa ce ta raine shi tun yaye, ita kuwa Inna Saude Yaya yake ce mata. Kullum takan ajiye masa ƙanzo, amma ƙannensa take ba su kai masa. Da ya rasu, goggon aka yi wa ta'aziyya. Ita kuwa tana bakin murhu tana dafa wa baƙi abinci, mata suna yaba karar da ta yi, ko ɗigon hawaye babu.

Ban ce mata al'adar ba ta da kyau ba, wannan ba aikina ba ne. Na dai gaya mata cewa a ɗakin nan babu suruka, babu maƙwabciya.

Laraba ta huɗu ta zauna, ta tambaye ni ko ƙofar a rufe take. Na ce a rufe take.

"Sunansa Habibu," in ji ta. Ta sake faɗa a hankali. "Habibu. Ban taɓa kiransa ba, Malama, kuma ni na haife shi."

Ta yi kuka har aka kira la'asar. Na ajiye biro, na zauna kusa da ita a tabarma, ni ma idona bai bushe ba.

Ba rana ɗaya ta warke ba, mun ƙara wata uku. Amma barci ya fara dawowa, abinci ya fara shiga. Malam Isyaku har gida ya biyo ni yana tambayar wane magani nake ba ta a ɓoye.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa kawo damuwarsu a zaman farko. Zuwa suke su gani ko ɗakin zai iya riƙe ta. Ku yi bayanin tsari dalla-dalla, ku yi tambaya, amma in mutum ya tsallake abu, ku bar shi, wataƙila shi ne ya kawo shi. Fom ɗin Inna Saude yana nan a kulle a durowata. Suna biyar ne a ciki, layi na shida babu komai, don ba takarda ta faɗa wa ba.