Kwalin Malam

Sila Mai Fenti ya mutu.

Yau da safe labarin ya riske ni, ina zaune a ƙofar gida a Manawashi, ko kurɓar shayi ban yi ba. Wani mai keke ne ya taka burki ya ce, "Baba Buba, ka ji tsohon maƙwabcinka na Bolari ya cika?" Na ce wanne? Ya ce mai fenti.

Na ajiye kofin. Har yanzu yana wurin.

Ku yaran yanzu ba ku san shi ba. Sunansa Silbanus, bakinmu ya gaji ya mai da shi Sila. Ibo ne, Kirista, ya zo Gombe yana saurayi da gwangwanayen fenti a buhu. Rumfarsa tana manne da tawa a bakin tasha. Ina facin taya, yana zane a bayan manyan motoci masu bodin katako. Bango ɗaya muka jingina da shi har gashinmu ya yi fari.

Rubutun nan da kuke karantawa ma nasa ne. Ban taɓa zama a aji ba. Shi ya riƙa zana min baƙaƙe a ƙasa da tsinke, yana cewa, "Buba, wannan mai ciki biyu shi ne farkon sunanka." Da na yi jinyar ƙafa, kullum sai ya aiko da farfesu, kuma a wurin mahaucinmu yake sayen naman, don kada in yi masa gardama.

To amma akwai magana tsakanina da shi, ita ce ta hana ni cin abinci yau.

Sila yana da kwalaye da ya yanka da reza, kowace ƙabila da nata. In direba ya ce Bature yake so, sai ya ciro kwalin Bature, ya ɗora a katako, ya zagaye da alli, ya cika da fenti. Hanci kamar bakin buta, hular kwano, gajeren wando, jajayen gwiwoyi. Balarabe gemu da rawani. Ba'indiye ɗigo a goshi. Da 'yan China suka fara shigowa aikin hanya, ya yanka musu nasu, ido kamar an tsaga.

Na taɓa tambayarsa ina kwalin Ibo. Ya dube ni kamar na yi wauta. "Ibo kuma? Ai mu kowa da fuskarsa."

Na yi dariya ranar. Ban san akwai nawa ba.

Wani direba ne ya dawo daga Anacha, yana sauka ya nuna ni yana riƙe ciki. "Malam Buba, wallahi na gan ka a can! Kana bayan mota, kana jan rago!" Kafin la'asar duk tasha ta ɗauka. Malam Bayan Mota. Har yau akwai tsofaffin da ke kira na haka.

Na shiga rumfarsa na zazzage akwatin kwalayensa. Ga kwalina nan a ƙasa, ya rubuta masa "Malam", sunan da 'yan kudu ke kiranmu da shi. Ashe wata rana ina gyangyaɗi da yamma, inuwar fuskata ta faɗa a kan kwalin da ya jingina a bango, ya bi ta da alli. Sannan ya ƙara hanci, ya turo haƙora waje, ya fito da maƙogwaro kamar na haɗiyi goro bai wuce ba. Direbobin kudu shi suke so. Da shi ake yi mana dariya daga nan har bakin teku, kuma fuskata ce.

Na ce, "Sila, ni ka mayar abin dariya?"

Ya ce, "A can kai ne baƙo, haka suke son ganin ka. Kai fa? Wa ya cusa filo a riga lokacin tashe, ya sa singileti, yana gwaranci wai shi Ibo? A gabana ka wuce. Na ce ka ba ni haƙuri?"

Na ce ai wannan wasa ne.

Ya ce, "Nawa ma wasa ne. Sai dai naka ka cire filo ka kwanta, nawa ko ruwan sama ba ya wanke shi." Sai ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Buba. Ka yafe min."

Na juya na koma rumfata. Kun san ni.

Ba gaba muka yi ba. Mun ci gaba da gaisawa, yana zuwa sunan 'ya'yana, ina kai masa naman Sallah, yana aiko min da shinkafar Kirsimeti. Kalmar nan ɗaya ce kawai na riƙe. Duk shekara sai ya tayar, duk shekara sai in kau da kai.

Akwai lokacin da wani Bature na gaske ya zo tasha, ya ga hoton Bature a bayan mota, ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Ya buɗe wani littafi ya nuna mana yadda masu zanensu na da suka zana baƙar fata. Leɓe kamar faifai, ido fari tas, duka fuska ɗaya. Sila ya daɗe yana kallo. Da mutumin ya tafi ya ce min, "Ashe su ma kwali gare su." Ranar bai taɓa burushi ba.

Ganina da shi na ƙarshe, sati biyu ke nan, a Kasuwar Gombe wajen masu busasshen kifi. Ya rame, yana dogara sanda. Ya ja ni muka zauna a benci.

"Buba, na kusa komawa garinmu. Ban sani ba ko a zaune ko a kwance. Maganar kwalin nan. Ka ce ka yafe."

Na ce, "Sai na yi shawara."

Ya yi dariya har da tari. "Shekara nawa kana shawara? Kai ko gwamnati!"

Wallahi na yi niyyar faɗin kalmar. Tana bakina. Na ce a raina bari in ja masa rai zuwa Sallah, in kai masa nama in faɗa a gaban matarsa.

Ɗazu na je gidan gaisuwa. Maman Ngozi, matarsa, tana gani na ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu a naɗe cikin jarida.

"Baba Buba, ya ce in ba ka. Tun ranar da kuka yi faɗa bai ƙara ɗora shi a mota ba. Direbobi su zo su roƙa, ya ce ya ɓace. A ƙusa yake rataye gefen gadonsa, da reza a kusa."

Na buɗe.

Ya rage hancin. Ya datse haƙoran. Maƙogwaron nan babu shi. Kaɗan-kaɗan ya yi ta shaftarewa, ana ganin tsohon yanka da sabo, har ya dawo da shi daidai kan layin allin farko. Ni ne, ina ɗan saurayi, ina barci. A bayan kwalin ya soke "Malam" ya rubuta "Buba".

Na ce na yafe. A gaban mutane na faɗa, da ƙarfi. Amma mai jin yana mutuware a asibiti, jibi za a ɗauke shi zuwa garinsu.

Shi ya sa na rubuta a nan, da baƙaƙen da ya koya min, kowa ya zama shaida. Sila, na yafe maka duniya da lahira. Ni ma filon nan ban taɓa neman yafiyarsa ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya.

Kada wani ya zo min da wa'azi a ƙasan rubutun nan. Na san addinina, na san maƙwabcina.

In kun ci karo da tsohuwar mota mai Malam da rago a baya, kada ku ce a kankare. Ni ne, aikin abokina ne.

Allah ya ba Maman Ngozi da 'ya'yanta haƙuri. Allah ya kai masu rakiyar gawa lafiya, ya dawo da su lafiya. Ku taya su da addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya yafe min wannan taurin kai, kada ya kama ni da kalmar da na riƙe har ta rasa mai karɓa.